Ranar da Na Koma Kujerar Baya

Mijina bai san gabas ba sai rana ta fito, in kuwa an tashi da hadari to sai dai a yi haƙuri. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, kuma duk duniya ni kaɗai na san haka. Abokansa Kamfas suke kiransa, wato na'urar nan mai nuna gabas da yamma. Sun ce ko rufe masa ido ka yi ka jefa shi tsakiyar daji, zai fito da kai bakin kwalta kafin shayi ya huce. Yana amsa sunan, har da ɗaga hannu.

Ni na gina masa sunan nan, da gwiwoyina biyu.

Abin ya faro ne shekarar da muka sayi motarmu ta fari. Shi yana haɗa magani a asibiti, yini guda a bayan wata 'yar taga yana ƙirga ƙwayoyi, ni kuma ina koyar da labarin ƙasa a sakandaren 'yan mata. Ya ɗauko yayyensa biyu zai kai su dubiya, ina gefensa, sai na ga ya zagaya shataletale ɗaya sau uku, gumi na gangarowa ta bayan kunnensa. Yayyen nan tun yana yaro ba su da aiki sai yi masa dariya. Tausayi ya kama ni. Na ɗora hannu a gwiwata ta dama na ɗan bubbuga. Ya gani ta gefen ido, ya karya dama, muka isa. Da muka koma gida ya riƙe hannun nan nawa ya daɗe bai saki ba.

Daga nan ya zama ƙa'ida duk sa'ad da muke da baƙo a mota. Hannu a gwiwar dama, a bi dama. Gwiwar hagu, hagu. In na harɗe yatsu a kan jaka, a miƙe. In na yi tari to ya kauce hanya, sai ya rage gudu ya ce wa baƙi bari ya nuna musu wani abu da muka wuce, ya juya ya nuna musu wata bishiya. In na cire tabarau ina gogewa, ni ma na rikice ke nan, sai ya tsaya wurin masu sayar da lemu in sauka kamar mai ciniki in tambayi hanya. An ce matambayi ba ya ɓata. Ba a dai faɗi wa ake aika ya yi tambayar ba.

Ba zan zalunce shi ba, mun sha daɗin duniya. Duk hutun makaranta sai mun loda tanti da risho da tabarma mun fita. Mun kwana a gindin duwatsun da gajimare ke sauka a kansu, mun wanke ƙafa a ƙarƙashin ruwa mai faɗowa daga sama har kunnenmu ya toshe, mun taɓa yin awa biyu a tsaye muna jiran garken shanu ya gama ƙetare titi. In mu biyu ne babu wani ɓoye-ɓoye, taswira na kan cinyata, in faɗa da baki ya bi. Hannunsa a sitiyari kuwa ba na biyunsa, ko kaza bai taɓa takawa ba. Yana sauya taya cikin minti goma, yana hura wuta da jiƙaƙƙen itace. Shi hannu, ni ido. Na ɗauka ciniki ne mai kyau.

Shekara goma sha tara da suka wuce muka kafa tanti a bakin wani tafki da ke bayan madatsar ruwa. Kwana na uku da safe mai gadin madatsar ya zo a kan keke da saƙo: jikin Inna, mahaifiyata, ya tsananta, ana nemana. Muka naɗe tantin da raɓarsa. Minti ashirin daga tafkin akwai mararraba, a tsakiyarta wani tsohon tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe. Na ce masa hagu. Ya ce wani direban babbar mota ya gaya masa jiya cewa ta dama yanke ce, tana rage rabin tafiya. Na nuna masa da yatsa cewa hanyar damar a bakin kogi take ƙarewa, kuma babu gada. Ya ce taswirata ta tsufa. Lokacin ya shekara ashirin da wani abu ana ce masa Kamfas, kuma in aka daɗe ana kiran ɗan akuya zaki, wata rana sai ya gwada gurnani. Ya karya dama.

Awa huɗu muka zubar a dajin nan. Inna ta cika awa ɗaya da rabi kafin mu iso.

Ƙanwata Auta ce ta yi jinyarta, ita muka tarar a bakin ƙofa idanunta sun kumbura. Ta tambayi abin da ya tsare mu. Shi ya amsa.

"Taswira ce ta rikice wa yayarki."

Ban ƙaryata shi ba. A ranar ba ni da bakin magana, bayan nan kuma karatun da aka yi mini tun ina ƙarama ya taso: mace tufar mijinta ce, ba a tona asirin gida, mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo. Na dafa dutsen nan shekara goma sha tara. Romo ban gani ba, itacena ne ya ƙare.

Bayan shekara guda na gwada gaya wa Auta gaskiya, muna wankin kwanuka a gidanta. Ta ajiye soso ta dube ni.

"Kamfas ne zai ɓata? Yaya, ki ji tsoron Allah. Ki ɗauki kayanki, kada ki rataya wa bawan Allah."

A nan na gane katangar da na gina masa ni ta rufe a ciki. Wa zai yarda? Kowa ya shiga motarmu, kowa ya ga yadda yake shiga lungu ya fita ko tambaya ba ya yi. Ranar ce kuma ta ƙarshe da Auta ta kira ni Yaya. Ta koma ce mini Malama, kamar ɗalibaina, ta gaishe ni irin gaisuwar maƙwabcin da ba a so a yi faɗa da shi. Yarinyar da na goya har bayana ya yi kanta.

Shi kuma sau biyu na tayar masa da maganar. Na farko ya yi kuka, ya ce zai gyara in hankalin Auta ya kwanta. Na biyu, bayan shekara bakwai, ya dube ni da mamaki na gaske ya ce ai ni ke riƙe da taswirar. Ba ƙarya yake mini ba. Ya maimaita labarin har ya zauna masa. Masu cewa ramin ƙarya ƙurarre ne ba su shiga wannan ba, har da ɗakuna a ciki.

Bana mijin Auta ya rasu, 'yarta da ke aure a ƙetare ta aiko mata da tikiti ta koma can da zama. A shekarunmu, irin wannan tafiya ba a cika dawowa daga ita ba. Ta sauka gidanmu mako guda kafin jirginta, don mu ne kusa da filin jirgi, ba don kewa ba. Muna cin abincin rana sai Malam, mijina, ya ce bai kamata ta bar ƙasa ba a fita da ita ta sha iska ba. Tsakaninsu akwai wasa tun tana budurwa. Ta ce ta yarda in dai shi ne jagora, amma don Allah kada a ba Malama taswira.

Ya yi dariya, har da buga tebur, cokali ya faɗi.

Na sunkuya na ɗauko cokalin, kuma kafin in ɗago na gama yanke shawara. Na ce ai kuwa akwai wani tafki mai kyau bayan madatsa, mu kai ta can. Dariyar ta ɗauke masa. Amma Auta ta riga ta ce tana so, ta daɗe tana son ganin wurin da ya fi uwarta muhimmanci. Ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Kwana biyu na yi ina shiri. Na sayi jarkar mai na ɓoye a but ɗin mota ƙarƙashin tsohon tantinmu. Na zuba ruwa gora shida, na sa maganin hawan jininsa da na sukarin Auta a jakata. Na gaya wa babbar 'yarmu inda za mu, na ce in rana ta faɗi ba ta ji mu ba ta turo mijinta mararrabar tanki. Ramuwa nake nema, ba takaba ba. Batun waya bai dame ni ba. Malam ya sha faɗa a gaban jama'a cewa taswirar waya ta ragwaye ce, kuma da an wuce madatsa babu sabis.

A tafiya ban taɓa yi masa aiki mai kyau kamar na ranar ba. Tun kafin mararraba ta bayyana hannuna na kan gwiwa. Ya riƙa shiga kwana kamar ruwa na bin kwari, yana nuna wa Auta tsaunuka, yana gaya mata sunayen itatuwa, rabi ma ƙirƙira yake. Ta ce masa in ya mutu a ba da kansa ga masu bincike. Ya ce baiwa ce, ba a koya. Ni dai na harɗe yatsu a kan jaka, muka miƙe.

Tafkin yana nan yadda na bar shi, sai dai ya ja baya kaɗan ya bar laka mai tsagewa. Fararen tsuntsaye na tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa. Malam ya kunna risho ya soya ƙwai, ya dafa shayi mai kauri yadda Auta ke so. Suka zauna a tabarma suna ba'a, ita ta ba ni baya. Na ci biredina a hankali ina kallon wurin da tantinmu ya tsaya a wancan karon, inda wata ƙaya ta tsiro yanzu har ta fi ni tsawo.

Ƙarfe ɗaya muka kwashe kaya. Ya buɗe mini ƙofar gaba kamar kullum, sai na dafe ƙugu na ce bayana ya riƙe, ina so in miƙe ƙafa a kujerar baya. Auta ta dawo gaba ta ga hanya da kyau, ita ce baƙuwa. Ya ce zai kwantar mini da kujerar gaban. Na ce a'a. Ya ce akwai matashi a but. Na ce na gode. Auta ta riga ta shige tana gyara ɗamarar kujera, tana cewa yau ita ce amarya. Na zauna daidai bayansa, inda ko a madubi sai dai ya ga goshina, na ɗauko lemu na fara ɓarewa.

Hanya ɗaya ce daga tafki zuwa tanki, don haka minti ashirin na farko lafiya. Da tankin ya bayyana sai na ji ƙafarsa ta sassauta. Kansa ya ɗan karkata gefe, kamar yadda ya saba shekara arba'in. Auta ta ja zanenta ta rufe ƙafa, ta tambaye shi ko lafiya yake kallon gwiwarta, da tsufansa, ga matarsa a baya. Ya ce ƙuda ya gani.

Ya tsaya tsakiyar mararraba kamar mai gyara madubi. Sannan, ko sa'a ce ko wani abu ne a ƙasan ransa ya tuna, ya karya hagu. Hanyar daidai.

Na bar shi ya yi tafiyar minti biyu. Na ga kafaɗunsa sun fara sauka. Na tuna hannun Inna, yadda na tarar da shi a kan zane, da sauran ɗumi kaɗan a tafin. Sai na yi tari. Guda ɗaya, busasshe.

Ƙafarsa ta taka birki kafin kansa ya yi tunani. Ya ce wa Auta bari ya nuna mata wani abu da muka wuce. Ya juya, ya nuna mata tankin, ya ce tun zamanin da aka gina madatsa yake nan. Ta ce ta gan shi ɗazu. Ya shiga hanyar dama.

Na san kowace kwana ta hanyar nan, don na shekara goma sha tara ina bin ta a mafarki. Ta fara da faɗi kamar ta mutanen kirki, sannan ta tsuke, ciyawa ta fito a tsakiya tana shafar cikin mota. Ƙaya ta riƙa karce ƙofofi. Malam ya daina faɗin sunayen itatuwa. Bayan kusan awa guda muka gangara wani tudu, hanya ta ƙare a bakin kogi. Ga ginshiƙai biyu na siminti a tsakiyar ruwa, gadar da aka fara ba a gama ba tun kafin waccan tafiya tamu, tsuntsaye sun yi musu farin fenti.

Ya kashe mota. Ya daɗe yana kallon ginshiƙan nan. Auta ta ce ko iyo za mu yi. Ya ce ruwa ne ya cinye gadar, bara ma tana nan. Na jefa ɓawon lemu ta taga.

A komowa ya ɓace cikin hanyoyin gonaki. Kowace mahaɗa sai ya ɗaga ido ga madubi, ni kuma ina duban farcena. Mun wuce wani mutum yana gyaran shinge, Auta ta ce a tambaye shi, Malam ya ce ba ya buƙata, ya ƙara mai. Shekara arba'in bai taɓa buɗe baki ya tambayi hanya ba, bai ma san yadda ake fara jimlar ba. Muka ɓullo wa tankin ta wani gefe dabam, bai gane ta ina muka fito ba, ya ɗauki wata hanya da ƙarfin hali, bayan minti ashirin sai ga tafki a gabanmu da fararen tsuntsayensa, da ɓawon ƙwan da muka zubar. Auta ba ta yi ba'a ba wannan karon. Ta dubi agogonta, ta dubi allurar mai da ta kwanta kusa da ja, ta ce jirginta jibi ne, kuma ba ta sha maganin rana ba. Na miƙa mata maganin da gorar ruwa ta kan kafaɗarta. Ta karɓa ba ta waiwayo ba.

Karo na uku da muka iso tanki ƙarfe huɗu ta wuce. Ya tsaya a inuwarsa. Auta ta ce za ta zaga, ta ɗauki gora ta nufi bayan wasu duwatsu.

Bai juyo ba. Da madubi ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce mai ya kusa ƙarewa. Ya ce Auta ba ta da lafiya, shi ma kansa na sarawa. Ya tambaye ni ko so nake in kashe mu a dajin nan, kuma me ya yi mini da zafi haka.

"Ka gaya mata wanda ya ce a bi dama," na ce.

"Malama, ai ke ce ke riƙe da..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi tankin, ya dubi hanyar da ta tafi kogi. Na ga bayan wuyansa, inda fata ta yi laushi ta naɗe, gumi na gangarowa ta bayan kunne kamar ranar shataletale. A ranar can abin ya ba ni tausayi. Na laluba cikina ko akwai saura, na tarar babu.

Ya ce zai gaya mata a gida, in an huta. Na ce na taɓa jin wannan. Ya ce in bar masa ko da rabin mutuncinsa, ya tsufa, ba shi da wani abu sai sunan nan. Na ce ni ma ƙanwa ɗaya gare ni, kuma jibi za ta hau jirgi.

Auta ta dawo tana yarfe hannu. Ta tarar da shi ya fito ya jingina da gaban mota. Ta ce to Kamfas, ina muka dosa.

"Ban sani ba," ya ce. "Auta, ban taɓa sani ba."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasan ne. Sai ya fara bayani, a hargitse, yana nuna gwiwoyinsa kamar mai koya wa yara rawa. Ya faɗi dama da hagu, ya faɗi harɗe yatsu, ya faɗi tabarau da masu lemu, ya faɗi tari. Dariyar ta bushe a fuskarta. Ya tsaya a nan, kamar ya gama. Na sauke gilashi na dube shi.

"Ranar da Inna ta rasu," ya ce, "a nan wurin yayarki ta ce hagu. Ta nuna mini kogin a taswira. Ni na ƙi. Ni na kai mu inda na kai ku ɗazu."

Auta ta zauna a kan wani dutse. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana juya murfin gora a hannunta. Na yi zaton za ta taso masa, na ma shirya jin daɗin abin. Da ta ɗago, ni ta duba.

Ta ce na gaya mata sau ɗaya, a bakin famfo, kamar mai neman aron gishiri, da ta ƙi yarda sai na naɗe hannu. Ta ce shekara goma sha takwas na bar ta tana kwana tana tashi da ƙin 'yar'uwarta, don kawai in rufa wa namiji asiri. Ta ce da na fasa mata kwanon a ka a ranar, da ta saurara. Gaskiya ta faɗa. Sai kuma idonta ya ƙanƙance. Auta ba ta yi karatu mai zurfi ba amma ba a yi mata wayo sau biyu.

"Tarin ɗazu fa? Da ya fara bin waccan hanyar?"

"Ni na yi."

"Yana kan daidai?"

"Yana kan daidai."

Malam ya ɗago kai ya dube ni. Sau ɗaya a rayuwarsa ya dace da hanya shi kaɗai, na ƙwace masa. Ban sunkuyar da ido ba.

"Yaya," Auta ta ce, "ke ma muguwa ce."

Na ce na sani. Ban gaya mata cewa kalmar farko kaɗai na ji ba.

Na fito na buɗe but, na ɗaga tanti na nuna masa jarkar mai. Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗauka. Ya juye wa mota man, ko ɗigo bai zubar ba, wannan kam ba a ƙwace masa. Na ba shi maganinsa ya haɗiye. Da muka zo shiga, Auta ta wuce ƙofar gaba ta zagayo ta zauna kusa da ni. Ya zauna shi kaɗai a gaba kamar direban haya.

"Hagu," na ce, da ƙarfi, yadda nake kiran suna a aji.

Ya ce to.

Auta ta kwance agogonta ta riƙe a tafin hannu. Burji ne mai kyau, ya yi doguwar kwana ya bi gefen tudu, rana na bayanmu tana jan inuwar mota a gaba. Da tayoyi suka hau kwalta ƙarar ta ɗauke, ta dubi agogon ta ce minti arba'in. Ta tambaye shi nawa muka yi a wancan karon kafin mu ga kwalta. Ya ce kusan awa biyar. Na ga leɓɓanta na motsi tana lissafi, ta cire, ta sake cirewa. Ni na daɗe da sanin amsar. Da na samu awa biyu da rabi da uwata.

Can Auta ta ce, tana kallon taga, da azahar ɗin ranar Inna ta farfaɗo sosai har ta sha ruwa da kanta. Inna ta ce kanta na ƙaiƙayi. Auta ta ɗauko mataji, Inna ta ture hannunta ta ce a jira ni, ni ce na iya taje mata kai ba zafi, hannun Auta nauyi gare shi. Haka matajin ya zauna a kan matashi har ta cika. Auta ta ce yana cikin akwatinta yanzu, ta yi niyyar tafiya da shi. Ba ta ce za ta ba ni ba, ni ma ban roƙa ba. Amma kafaɗarta ta jingina da tawa, kuma da mota ta yi kwana ba ta janye ba.

Mun shigo gari da sauran haske. Na riƙa faɗin hanya da baki, dama, miƙe, dama, yana amsawa da to. Da muka kawo babban shataletalen da ke kusa da unguwarmu sai na yi shiru. Ya shiga. Na ga kansa ya karkata ga kujerar da babu kowa. Ya wuce hanyar gidanmu, gidan da ya shekara talatin a ciki, ya zagayo. Ya sake wucewa. Wani mai babur ya yi masa hon ya zage shi.

Auta ta zungure ni da gwiwar hannu. Na bari ya kusa cika na uku.

"Dama," na ce.